Asabar Ɗin Da Inna Ba Ta Kalla Ba

Kujerar Inna tana nan a gaban talabijin, da matashinta da ya lotsa daidai inda take jingina bayanta. Tun da aka dawo daga kai ta makwancinta da hantsi babu wanda ya iya zama a kai. Auta yana ƙasa, jikin ƙafar kujerar da shi da kansa ya yi wa walda, yana sake kiran lambar matarsa. A kashe take.

Shi ne ɗan autan Inna. A aji biyu na sakandare ya bar makaranta ya kama walda. Matarsa kuwa tana jami'a a wani gari mai nisa, ita ce ma kyaftin ɗin makarantarsu a gasar kacici-kacicin jami'o'i da ake nunawa duk yammacin Asabar. Dangi ba su so auren ba, sun ce boko da ƙarfe ba za su zauna ɗaki ɗaya ba. Inna kaɗai ta tsaya musu, ita ta raɗa wa yarinyar suna Farfesa. Ko kalma ɗaya Inna ba ta ganewa a tambayoyin, amma da an fara shirin za ta ɗaga hannuwa sama tana addu'a, ba ta saukewa sai ƙararrawar Farfesa ta yi ƙara.

Da asuba ya kira Farfesa ya faɗa mata rasuwar. Ta yi kuka har muryarta ta shaƙe, ta ce ga ta nan tafe. Yanzu rana ta yi sanyi, 'yan gaisuwa sun ragu, babu ita babu labarinta.

"Har yanzu a kashe?" in ji Yaya, babbar yayarsu, wadda ta yi jinyar Inna har ƙarshe. Idanunta sun yi jawur. "Ai ka san ranar da take kashe waya. Yau wace rana?"

"Yaya, don Allah."

"Tambayarka na yi. Ko sai na danna maka ƙararrawa?"

Asabar ce. Kuma gaskiya ne, duk Asabar da yamma wayarta a kashe take har a gama shirin.

Ana haka matar mai askin da ke jikin gidansu ta leƙo, ta durƙusa kusa da Yaya tana raɗa, irin raɗar da har tsakar gida ana ji. "Ni dai ba gulma na kawo ba — amma ga amaryarku can a talabijin ɗin shago, ta sha kwalliya, sai dariya take."

Kawu, ƙanen Inna, wanda tun safe yake jan carbi, ya ɗago kai. "Ku kunna."

"Kawu, gidan makoki ne," in ji Auta.

"Na fi ka sanin wadda ta mutu. Kunna na ce."

Auta ya ɗauki rimot daga hannun kujerar, inda Inna ta ajiye shi Asabar ɗin da ta wuce. Haske ya cika ɗakin. Ga teburan nan biyu, ɗalibai huɗu-huɗu, ga mai gabatarwa yana cewa yau ake fainal, zagayen ƙarshe. Ga Farfesa kuma a tsakiya, cikin mayafi ruwan zuma, fuskarta fes kamar ba ta taɓa sanin kuka ba. Wani dogon ɗalibi mai tabarau ya sunkuyo ya faɗa mata wani abu a kunne, ta rufe baki tana dariya.

Muryar da ta shaƙe da kuka da asuba, ita ce wannan take amsa tambaya a kan taurari, rangaɗau, ana tafa mata.

"Ka gani da idonka?" in ji Yaya, hawaye na zubo mata. "Ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Matar da ta hana kanta barci tana yi mata addu'a. Kofin gasa ya fi mata gawar Inna. Dubi na kusa da ita ma, ai ga irin mijinta can, ba mai ƙona ido a bakin titi ba."

Kawu ya ajiye carbinsa a kan tabarma. "Auta, ni ba mai yawan magana ba ne. 'Yar'uwata ce ta ɗaure wa yarinyar nan gindi, yau ga sakayyar da ta samu. Ka sauwaƙe mata, yanzu, a gabanmu. Ta je ta auri karatunta."

Agogon gasar yana ta ƙirga daƙiƙoƙi. Auta ya dubi hannuwansa, duk tabon tartsatsi. Tun ranar ɗaurin aurensu akwai wani ɗan tsoro da yake kwana da shi, cewa wata rana za ta waiwayo ta ga bai kai ba. Yau tsoron ya miƙe tsaye, yana tura kalmar zuwa bakinsa. Kalma ɗaya ce, har ya ji ɗacinta a harshe.

Sai idonsa ya sauka kan matashin Inna. Ya tuna yadda Farfesa take durƙusawa a nan in ta zo hutu, tana matsa wa tsohuwar ƙafafu, tana fassara mata tambayoyin da aka yi, Inna tana musu wai ba yadda za a yi ƙasa ta riƙa juyawa ruwan randarta bai zube ba.

"Kawu, ka yi haƙuri, ba zan furta ba."

"Me ka ce?"

"Yau na binne mutum ɗaya, ba zan iya na biyu ba. Ni ma na gani, kuma Allah ya sani ya yi min ciwo. Amma wannan akwatin ba ya jin tambayata. Ta zo ta faɗa da bakinta. In haka ne, ba sai ka sake magana ba."

"An shanye shi," in ji Yaya.

Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga. "To ka zaɓa. Daga yau ba ka da kawu. Sadakar uku ma ku yi abarku, ba da ni ba." Ya nufi ƙofa yana laluben takalmansa.

A bakin ƙofar ya yi turus. Wata siririyar sallama ce ta tare shi. Farfesa ce tsaye, takalminta ɗaya ya tsinke tana riƙe da shi a hannu, zaninta duk taɓo, idanunta sun kumbura sun kusa rufewa. A bayansu kuma, cikin talabijin, ga ta tana danna ƙararrawa.

Matar mai aski ta dubi ƙofa, ta dubi akwatin, ta ja da baya har ta taka kofin ruwa. "A'uzubillahi. Wai ku biyu ne dama?"

Farfesa ba ta ji ta ba. Kujerar kawai ta gani. Ta zube a gabanta ta kifa fuska a matashin, kukan da ta riƙe tun daga hanya ya ƙwace mata. Sai da ta ɗan lafa Auta ya iya tambaya a hankali, "Ina kika tsaya?"

"Motarmu ce ta mutu a daji, cajin wayata ya ƙare. A bayan babbar mota na ƙaraso." Ta ɗago, ta ga fuskarta a talabijin, ta ga yadda ake kallonta, ta gane. "Yaya, Kawu, wannan ba yau ba ne. Rakodin ne. Kowane zagaye sai an ɗauka kafin a nuna, wannan na ƙarshe tun hutun da ya wuce aka ɗauke shi, aka sa muka yi alkawarin ba za mu faɗi sakamako ba sai an gama nunawa."

"To wayar da kike kashewa fa?" in ji Yaya, muryarta ta sauka.

"Saboda Inna ne. Ta ɗauka a lokacin ake yi. Ranar farko ta ce min, 'Farfesa, kin ji addu'ata ta iso kuwa? Ina gamawa kika danna.' Ta yaya zan ce mata an riga an gama? Ko shi ban faɗa wa ba, na san ba ya iya ɓoye mata komai."

Yaya ta dafa bango. "Wato duk addu'ar nan da take yi, bayan an gama take yi."

"Wanda take roƙo ba ya makara, Yaya," in ji Auta.

Tafi ya ɓarke a talabijin. Makarantarsu ta ci, kuma an rataya wa Farfesa lambar gwarzuwar gasa. Mai gabatarwa ya miƙa mata makirufo ya ce ko akwai wanda za ta gaisar. Ta dubi kyamara tana murmushi.

"Inna, na san kina kan kujerarki, hannuwanki a sama. Sauke su haka, kin gaji. Mun ci."

Farfesa ta buɗe jakarta ta zaro lambar, wadda ta ɓoye tun lokacin tana jiran wannan Asabar ɗin, ta rataye ta a hannun kujerar. Yaya ce ta fara durƙusowa ta rungume ta, suna kuka tare. Kawu ya cire takalmin da ya riga ya saka, ya dawo kan tabarmarsa.

"Auta," ya ce daga baya, "da ka bi maganata, da na kashe auren da 'yar'uwata ta raina a ranar da na binne ta. Ku yafe min."

Auta ya miƙa hannu ya kashe talabijin ɗin. Lambar tana ɗan lilo a jikin kujerar, hasken yamma yana wasa a kanta.

Ido yakan ga abu sarai ya kuma yi kuskure, balle idon da hawaye ya cika. Duk wanda baƙin ciki ya taso masa, kada ya yanke hukunci a kan masoyinsa sai ya ji daga bakinsa. Haƙurin yammaci ɗaya Auta ya yi, shi ya bar masa matarsa da danginsa a ranar da ya rasa uwa.