Kurwar Kailu a Takarda

"Ba a binne shi, Baba! Wallahi ba a binne shi ina da rai!"

Duk wanda ke tsakar gidan sai da ya ɗago kai. Shekara biyar Muna ta yi a gidan Baushe, ba a taɓa jin muryarta ta wuce bakin ɗakinta ba. Yau ga ta tsaye gaban surukinta, ko durƙusawa ba ta yi ba, ta danne wata 'yar takarda a ƙirji.

"Ɗiyata, zamna," in ji tsohon.

"Ba ni zama, Baba."

"To miƙo min abin nan."

"Ba ni miƙowa!"

Baushe tsoho ne mai bin hanyar kakanni, shi ke yanka a gindin gawon ƙauyen idan damina ta yi gardama. Ba a saba mayar masa da magana ba, balle matar ɗansa.

Ga abin da ya jawo rigimar. Shekara huɗu da suka wuce, Anasara suka ce kowane gida a ƙasar Kurfai ya ba da namiji ɗaya, za a kai su yaƙi bayan teku. Daga gidan Baushe aka tafi da Kailu, mijin Muna, aurensu bai fi shekara ba. Yaƙi ya ƙare, masu dawowa suka dawo tun bara. Kailu shiru.

Sai yau da hantsi wani gardi, ɗan sandan Anasara, ya zo daga barikin Filinge da 'yar takarda a naɗe. Aka buɗe, mata suka watse da ihu. Kailu ne a ciki! Ga shi tsaye da kayan soja, ya dafa kujera. Babu saƙo, sai wasu lambobi a baya.

A ƙasar nan kuwa, idan mutum ya mutu a wata uwa duniya, abokan tafiyarsa kan kawo wani abu nasa gida, hula ko wuƙa ko laya, a binne a madadinsa.

"Su Anasara ba su aiko hula ba," in ji Baushe a hankali. "Kurwatai suka aiko ɗungum. Dubi idanunai, ɗiyata. Mai rai na ƙifta ido. Wanga ba ya ƙiftawa."

"Shina da rai, Baba."

"Wa ya hwaɗa miki?"

"Zuciyata!"

"Zuciya..." Tsohon ya girgiza kai. "Ran Alhamis in yanka baƙin bunsuru, in sa takardag ga ƙasa, yaron nan ya huta. Ki yi takaba, danginki su zo su tahi da ke. Ke yarinya ce, ba ni riƙe ki ki tsuhwa kina jiran iska."

Nan ne Muna ta gane abin da ke jiranta. Muddin takardar nan ta shiga ƙasa, aurenta ya shiga tare da ita. Ko Kailu ya dawo bayan nan, sai dai ya tarar da ita a gidan wani.

Sai a lokacin ta durƙusa.

"Ka ba ni kasuwa biyu, Baba. Kasuwa biyu kaɗai. In ban kawo maka shaida ba, ni da hannuna za ni haƙa ramin."

Baushe ya dube ta, ya ce ya ba ta.

Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado, ta kai takardar wajen hasken ƙofa. Ya rame. Hular ta yi masa yawa. Amma wannan ɗan karkata kan da yake yi idan zai tsokane ta yana nan yadda ta san shi.

"Sanyin idona," ta ce ƙasa-ƙasa, "haka ake yi? Shekara huɗu, sannan ka aiko huska ba baki? To ka ji, ko duk Kurfai ta taru ta ce ka mutu, ni ban yarda ba. Ka dawo mu yi faɗanmu!"

Ta share hawaye da bakin zane, ta ɗauki ƙwarya da faifai.

Ranar Lahadi tana kasuwar Filinge tun kafin a shimfiɗa kaya. Ta samu Issa, abokin Kailu na ƙuruciya, wanda ya dawo daga yaƙin da hannu ɗaya. Yana zaune a rumfar masu tukar igiya, yana ba su labarin ruwan sama mai daskarewa, su kuma suna yi masa kallon maƙaryaci.

Da ya ga takardar sai ya tuntsure da dariya.

"Kai! Ka ga shege da hula! Matar abokina, wanga ai hoto ne. Akwati gare su mai ido guda, ka tsaya gabanai, a ce kada ka motsa, shi ke nan. Ni ma ina da nawa."

"Ba ka mutu ba kuma?"

"To da wa kike magana?"

"Ara min shi."

"Mi za ki yi da hoton ƙato?"

"Ara min dai! Wa ke da irinsa kuma?"

Issa ya lissafa mata. Akwai Yahaya a Bonkuku, da Alhassan mai tari a Damana, da wasu biyu can gefen dutse.

Haka Muna ta kama hanya. Kwana shida tana yawo cikin dallol, babban kwarin ƙasar, ƙafa duk ta tsattsage, tana sallama gidajen tsofaffin sojoji. Gulma kuwa ta riga ta isa ko'ina. Wai matar Kailu ta zare, tana bin ƙauyuka tana barar fuskokin maza! Ko a jikinta. Wanda ya yi mata dariya, ita ma ta yi masa, ta miƙa hannu.

Duk inda ta samu inuwar goriba sai ta zauna ta jera su a faifai tana nazari. Ta lura kusan kowa kujera ya dafa, sai ta gane ashe ba ciwo ne ya sa nata ya dafa ba. Ta lura babu mai dariya a cikinsu, har Issa sarkin surutu ya ɗaure fuska. Wannan ya sanyaya mata rai ƙwarai, don da ta ɗauka fushi Kailu yake yi da ita.

A kasuwa ta biyu Issa ya ciro wani abu daga jakarsa, naɗe cikin tsumma. Littafi ne mai kauri, bangonsa ya ci ruwa, kowane shafi an manna hotuna.

"Na kapitan ɗinmu ne. A hannuna ya cika, littahin ya zamna jakata. Danginai ne duka a ciki. Tahi da shi, ko ya yi miki rana."

Muna ta wuni tana buɗa shi. Ga tsofaffi masu gemu, ga mata da riguna har ƙasa, ga wani kare an zaunar da shi a kujera sai ka ce mai gari. Wasu hotunan sun koɗe sun yi ja. Ta yi ta tunanin ko ina mutanen nan suke yanzu, ko akwai wata can da ke jiran mai littafin yadda ita take jira. Sai kuma idonta ya tsaya a kan wata yarinya mai faɗin kunne. Ta juya shafi. Ta sake juyawa. Ta yi murmushi ta rufe littafin.

Ranar alkawari an ɗaure baƙin bunsuru a gindin gawo, jama'a sun taru. Muna ta iso da ƙwaryarta a ka, Issa na biye da ita. Ta durƙusa ta jera hotuna biyar gaban Baushe.

"Ga su, Baba. Duk masu su na da rai. Na ci tuwon gidajensu. Wanga kuma na Issa ne, ga Issa nan tsaye."

Tsohon ya ɗauki hoton da yatsa biyu. Ya dube shi, ya dubi Issa, ya sake duban hoton.

"Hannu nawa gare shi a nan?"

Muna ta leƙa hoton.

"Hannu nawa, ɗiyata?"

"...Biyu."

"Ga shi tsaye da guda. Ina ɗayan? Ya zamna cikin takarda! Shi hannu ta ci mishi. Nawa yaron, duka ta cinye."

Taron ya ɗauki guna-guni. Issa ya fara rantse-rantse cewa bindiga ce ta cire hannun, babu mai saurarensa. Wani har ya fara kwance bunsurun.

"Ku dakata!" in ji Muna. "Ban gama ba."

Ta buɗe littafin a kan tabarmar tsohon.

"Baba, ka ga jaririyar ga? Dubi kunnuwanta. To ga ta nan ta fara tahiya. Ga ta nan ta yi wayo, haƙoranta sun zube. Ga ta budurwa. Ga ta ranar aurenta. Kunnuwan dai su ne, ko ba su ba ne?"

Baushe ya sunkuya sosai.

"Su ne."

"Ga ta nan kuma da goyo. Sau shida ana sa ta cikin takarda, Baba, sau shida! Ba ta fasa girma ba, ba ta fasa haihuwa ba. In takarda na cin mutum, da mi wagga ta kai ɗakin miji?"

Tsohon ya bi shafukan da yatsa, ya koma farko, ya sake bi. Muna ta ɗauka zai yi murna. Sai ta ga ya kau da kai.

"Ku watse," ya ce wa jama'a. "Ku watse, na ce!"

Da suka rage su biyu, ya yi magana ba tare da ya dube ta ba.

"Kin ci nasara, ɗiyata. Amma ba ki san abin da kika yi min ba."

"Mi na yi, Baba?"

"Ranar da gardawa suka zo, 'ya'ya ukku gare ni tsaye. Ni na kama hannun Kailu na miƙa. Ni! Ya dube ni bai ce komai ba, ko waiwaye bai yi ba." "In ya mutu, na san dalilin da bai dawo ba. In kuwa shina da rai, kowa ya dawo shi bai dawo ba... to ƙina ya yi. Gara in binne shi da in san haka."

Muna ta ji tausayi ya kama ta. Ashe duk kwanakin nan ba da taurin kai take faɗa ba, da kunya take faɗa. Ta matsa kusa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, wanda ya ƙi ka ba ya aiko maka huskatai. Tambaya ce ya aiko. Shina so ya ji ko akwai mai son ganin ta."

Baushe ya ɗago kai. Sannan ya jawo sandarsa.

"Akwatin nan mai ido guda... akwai shi Filinge?"

"Issa ya ce lokotoron bariki, likitan Anasara, na da shi."

"Tashi mu tahi."

Rabin ƙauyen ya biyo su kallo. Wani tafinta na bariki ya duba lambobin bayan hoton Kailu, ya ce za a iya aika takarda ta bi su har inda mai su yake. Lokotoro ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku, ya shige cikin baƙin ƙyalle. Wasu tsofaffi suka fara roƙon Baushe ya tuna shi ne mai gindin gawo, kada ya yi wasa da ransa.

Baushe na jin tsoro, Muna na gani. Amma ya gyara rigarsa ya tsaya, ya yafito ta ta tsaya gefensa.

"Har yau ban gama yarda da ke ba, ɗiyata," ya ce. "Amma in gaskiya ne abin ga na ɗaukar kurwa, to ya ɗauki tawa ya kai mishi."

Aka ce kada su motsa. Ba su motsa ba.

Damina ta zo ta wuce. An gama yankan gero, Muna na sussuka a bakin rumbu, sai ta ji ƙauyen ya ɗauki guɗa. Ba ta tambayi kowa ba. Ta jefar da taɓarya ta fita da gudu, ɗankwali a hannu.

Kailu ne durƙushe gaban ubansa, ramamme, da jaka a kafaɗa. Baushe ya riƙe kansa da hannu biyu yana kuka a fili, gaban yara da mata.

"Saura kwana ukku in sa hannu a ƙara min shekara huɗu, Baba," Kailu ke cewa. "Na ɗauka ba ni da wurin komawa. Sai aka miƙo min takarda, na buɗe, na gan ka tsaye gaban akwatin Anasara. Kai! Na ce lallai tsohon ga ya zo ɗaukata da kansa."

Sai ya juyo ya gan ta. Ya karkata kai.

Muna ta tsaya cak. Duk faɗan da ta tanada shekara huɗu ya bi iska.

Ya taso ya ciro hoton daga aljihun ƙirji, duk gefensa ya cinye saboda taɓawa.

"Abin raina," ya ce a hankali, don ita kaɗai ta ji, "kullum ina duban ki a nan. Amma mi ya sa kika ɗaure min huska haka? Ko ɗan murmushi babu?"

Hawaye na zuba, ta dube shi ido cikin ido, ba ta damu da surukai ba.

"Ba na aike ba ne," ta ce. "Ajiye maka shi na yi, sai ka zo da ƙafarka ka karɓa."

Sannan ta yi masa murmushin.