Aljanin Mudassir Ya Iya Nahawu

"Rahina, an fasa!"

Saura kaɗan muciya ta suɓuce mata. "Inna, an fasa mi?"

"Aurenki da Mudassir. Babanki ya ce ba ya ba mai iskokai ɗiyarshi."

Innalillahi! Dama ta san za a rina.

Mudassir malamin lakol ne, wato makarantar boko, a nan Gazawa, kyakkyawa, ga kunya. Sai dai Allah ya jarabce shi da son wani yare wai shi Kilingon, wanda Turawa suka ƙirƙira wa dodannin fim. Saurayin kowa in ya zo zance sai "hasken raina", nata kuwa sai darasi.

"Kin ga, kalmominsu kashi uku ne: suna, aikatau, sai ragowa."

"Ragowa? Tuwo ne?"

"Kuma ba su da sifa, aikatau ke..."

"Mudassir, lallen nan fa don kai na sa shi!"

Ga yaren daga maƙogwaro yake fita, kamar an shaƙe rago. Ɗantala mai kabu-kabun babur, wanda ya daɗe yana neman auren Rahina tana yi mashi kallon hadarin kaji, shi ya iske Mudassir cikin gonar gero yana gwaji shi kaɗai. Munafukin ya ɗauki muryar a waya, kafin la'asar ta zaga gari.

"Yanzu haka Mudassir yana zaure," in ji Inna. "An kira Malam Shu'aibu ya yi mashi rukiyya."

Da muciyarta a hannu Rahina ta laɓe bayan ƙofar zauren. Tana son bawan Allahn nan, son da ita kanta yake ba ta haushi.

"Wallahi Malam, yare ne," ta ji Mudassir na cewa, yana tari cikin hayaƙin turare.

"To gaishe mu da shi," in ji babanta, Alhaji Hayatu.

"Ai... ba su da gaisuwa, Baba. Sai dai nuqneH, wato mi kake so."

"Ka ji ko! Babu ina kwana, babu ina gajiya? Ko aljanu suna sallama!"

Malam Shu'aibu ya shafa gemu. "Yaro, yare sai da mai amsawa. Duk faɗin Gazawa wa ke jin naka?"

Ɗantala, da ya zo shaida ba a gayyace shi ba, har da gyara zama.

Rahina ta runtse ido. In ta yi shiru, ta rasa shi. In ta yi magana, gobe ita ma sunanta mai iskokai. Duk darussan nan da aka ɗura mata dole suna nan daram a kanta.

Ta banka ƙofar, ta kankare murya.

"bangwI' SoH!"

Malam ya saki tasbaha. "A'uzubillahi! Ya koma kanta!"

Idon Mudassir ya ciko da ƙwalla. "Rahina... ashe kina saurare?"

"Mi ta ce?" Alhaji ya daka tsawa.

"Baba, kalmar farko suna ce, sai ɗafin mallaka..."

"Cewa na yi shi ne masoyina, Baba," Rahina ta katse shi, kanta a ƙasa. "In hauka ne, tare muke yi."

Alhaji ya dube ta, ya dubi Mudassir, sannan ya juya wajen ƙofa.

"Ɗantala, kana sonta a haka?"

Ina! Tuni gogan ya tada babur.

Dariya ta ƙwace wa Alhaji. "Malam, kashe turaren nan. Gara a haɗa su gida ɗaya, kada su ɓata gida biyu."

A bakin ƙofa Mudassir ya tsaya yana murza hula.

"Rahina... ina son ki."

Da Hausa! Hawaye suka zubo mata. "Sai yau, rabin raina?"

"Kin san 'so' ɗin nan, a nahawu..."

Ta ɗaga muciya.

Ya haɗiye sauran darasin.