Koren Haske a Ɗakin Dogo

Ranar da ya fara zuwa shagon, Baba ya fita sayo kaya, ita kaɗai ce a bakin tebur tana gyaran rediyo. Dogo ne siriri mai sanyin murya. Ya ajiye mata wata tocila ta ƙarfe da aka sauya wa ƙwai da batir.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Sai dai in an ɗauke wuta a wurin aikina, kafin in lalubo ta na sha wahala."

"A ina kake aiki?"

"Asibiti. Ɗakin ajiye gawa."

Ta ɗago ta dube shi, ta ga ya sunkuyar da kai kamar mai laifi. Ta ce ya dawo jibi.

Akwai wata hoda da Baba ke shafawa a hannun agogo, mai shan haske da rana ta mayar da shi a duhu. Ta ɗebi kaɗan, ta kwaɓa da gam ɗin ifoksi mai haɗi biyu, ta riƙa cusa shi da tsinke a tsagogin kan tocilar. Ya kwana ya bushe, ta goge gefen da ya tumbatsa.

Da ya dawo, ta haska wurin da wayarta, ta sa tocilar cikin kwali ta ce ya leƙa. Zobe kore yana ci shi kaɗai a cikin duhu. Ya yi dariya har da riƙe baki.

"Ashe Injiniya ce ke!"

"Ashe kana dariya, Dogo."

Sunayen suka zauna. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Injiniya, yau an ɗauke wuta sau biyu. Ina juyawa na gan ta tana jirana. Na gode."

Ta amsa: "Tocilar kaɗai ke jiranka?"

Wata huɗu suna haka kafin ya turo kawunsa neman aurenta. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya sallame shi da mutunci, sannan ya kira ta.

"Ban ce yaron banza ne ba. Amma hannun da ya wuni yana juya gawa ba zai ci abinci da 'yata ba. Ki rabu da shi, kuma ban yarda ki ƙara amsa wayarsa ba."

Ta yi kuka, ta bi umarni. Saƙonni suka taru ba ta buɗe ba.

Mai shagon taya na kusa da su ya daɗe yana nemanta tana ƙi. Ƙanwarsa na haya a gida ɗaya da Dogo, ita ta ba shi labarin wani koren haske da ke bayyana ta tagar ɗakin Dogo bayan magariba, ba kyandir, ba wuta. Mai taya bai ƙara komai ba sai tambaya ɗaya da ya riƙa yi wa duk wanda ya zo sa wa taya iska: me ma'aikacin gawa yake ajiyewa a ɗaka da ke haske shi kaɗai?

Cikin mako guda maganar ta zama tsafi. A mako na biyu ta zama sassan mutane.

Wata Laraba da la'asar mutanen layin suka tare Dogo a bakin famfo. Kafin 'yan sanda su iso an karya masa hannun dama wuri uku, an fasa masa kunne, an watsar da kayan ɗakinsa a titi. Ba a sami komai ba sai tocila.

A bakin wata mai sayen batir ta ji. Ta buɗe wayarta. Saƙonsa na ƙarshe na jiya ne: "Na ji abin da ake faɗa. In kema kin yarda da su, ba komai. Ki faɗa mini kawai."

Ta zuba kwalbar hodar da gam a jaka. Baba ya tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Baba, hodarka ce. Da hannuna na kwaɓa, a kan teburin nan. Ni na jawo masa."

Ya daɗe yana kallon kwalbar. Sai ya ɗauki makulli ya rufe shagon, ya bi ta.

A ofishin 'yan sanda ta kwaɓa haɗin a kan marfin kwalba a gaban babban jami'in da dattawan layin. Aka rufe taga, marfin ya yi kore. Wani dattijo ya ce, "Innalillahi," ya fita.

A asibiti ta same shi an naɗe masa rabin kai.

"Ban taɓa yarda da su ba, Dogona. Hana ni aka yi."

"Matso wannan gefen, Injiniya," ya ce a hankali. "Wancan kunnen ya tafi."

Baba na tsaye daga bakin ƙofa, ya ji komai. Bayan kwana uku ya aika a kira kawun Dogo.

Ba a hukunta kowa ba. Mai taya yana nan yana facinsa, waɗanda suka ɗaga sanda suna wucewa ta gaban shagon suna gaida Baba. Yatsun Dogo biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Bayan wata biyar aka ɗaura auren, mutane ba su kai talatin ba. Da za a tafi da ita, Umma ta riƙe su duka biyu tana hawaye.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya tsare ku daga bakin mutane."

"Amin, Umma," in ji Dogo.

Baba ya share fuska da hannun riga. "Ka yafe mana, ɗana. Ga ta nan, na ba ka amana. Allah Ya yi muku albarka."