Mai Jita a Ɗakin Gwaji

Shekara uku ke nan ɗana Ezequiel ya fita wasan kiɗa bai dawo ba. Na kama gadi a gidan tarihin kiɗan rok a Rosario, birnin da ke bakin kogi, don makaɗa na zuwa, ko wani ya gan shi.

Ran nan na kulle, na kashe wuta, sai na ji ana kaɗa jita daga ɗakin da baƙi ke gwada kiɗa. Wani ne zaune, ya ba ni baya, rigarsa na ɗigar ruwa mai ƙarnin kogi.

Na ce, "Samari, an tashi."

Ya ce, "Tsoho, a tudu kake ta nemana."

Muryar Ezequiel ce. Na durƙusa. "Juyo in gan ka, ɗana."

"Gara ka tsaya a muryar, Baba."