Celina a Bencin Baya

Ranar da Celina ta fara ganin Nathan, a bencin baya yake zaune shi kaɗai. Duk wanda ya tashi a cocinsu na unguwar Nasarawa ya san bencin nan, na waɗanda aka sa wa horo ne. Ba su cin jibi, wato gurasar Ubangiji da ake rabawa a coci, kuma ba a ɗaura musu aure sai wa'adinsu ya cika. Yawancinsu kai a sunkuye suke zama. Shi kuwa wannan, waƙa yake rerawa iya ƙarfinsa, da wata murya wadda ko uwar da ta haife shi ba za ta yaba ba. Dariya ta ƙwace wa Celina a layin mawaƙa, ya ɗago, suka haɗa ido. Shi ke nan fa, magana ta ƙare.

Labarinsa ba ɓoyayye ba ne. A masaƙa yake aiki. Rikicin farkon mulkin farar hula ya cinye ɗakinsa na Tudun Wada, ya cinye yayansa, shi kuma baƙin ciki ya jefa shi shan burkutu. Da ya dawo hayyacinsa, da ƙafarsa ya je gaban dattawan coci, suka yanka masa horon shekara guda.

Lokacin wayar hannu ta shigo ke nan, Celina tana da laimar kiran waya a bakin titi. Kullum sai Nathan ya biyo.

"Wa za ka kira yau, Sarkin Waƙa?"

"Wadda nake nema ita ke riƙe da wayar, Zumata."

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Baba Dauda, wanda shi ma dattijon coci ne, sai ya yi tsalle ya dire.

"'Yar dattijo ba ta auren ɗan bencin baya! Ga George nan, yaron kirki, yana aiki da kansila, ga mota."

George kam a layin gaba yake zama, turarensa yana riga shi shiga coci. Celina ta ce a'a cikin ladabi, ta ci gaba da addu'arta.

Watanni suka ja, Nathan ya fara karaya. Ran nan ya aro wayar abokinsa ya turo mata saƙo:

"Zumata, na gaji da kallon da ake mini. Akwai sabon coci a Mahuta, fastonsu ya ce ba ruwansa da horo, wata mai zuwa zai ɗaura mana. Mu tafi kawai."

Sai da ta yi kuka ta share hawaye kafin ta amsa:

"Sarkin Waƙa, ina son ka, amma auren gudu ba da ni ba. Ubangijin da ya tsamo ka bai tsamo ka don ya yashe ka a hanya ba, shi ya yi alkawari. Ka ƙarasa abin da ka fara. Ina nan."

Bai amsa ba. Lahadi ta zo, benci babu kowa. Ta biyu ma haka. Dattawa suka ce in bai dawo ba za su cire sunansa daga ikkilisiya, kuma Celina ta san in aka cire, aurensu ya tashi.

Lahadi ta uku ta ninke rigar mawaƙa ta ajiye, ta taka har ƙarshen coci ta zauna a bencin baya.

Wayyo! Budurwa a bencin nan ai fassara ɗaya gare ta, ciki. Tsegumi ya bi layi layi. Mahaifiyarta, Mama Martha, ta saki tulun kiɗan Zumuntar Mata ta dafe ƙirji. Ana cikin waƙar baiko, lokacin tara sadakar coci, Baba Dauda ya sauko ya nufo ta.

"Tashi! Kin san abin da ake faɗa?"

"Na sani, Baba. Ni da Allah mun san ba haka ba ne. Wurin mutum nake tsarewa."

"Ya gudu, Celina."

"Kai ka koya mini cewa Ubangiji ba ya yar da wanda ya tuba. In ba gaskiya ba ne, ka faɗa mini yanzu in tashi."

Tsohon ya juya. Ya koma kujerarsa.

Labari irin wannan ba ya kwana a Nasarawa. Lahadi ta gaba sai ga Nathan, idanu jawur, ya zauna can ƙarshen bencin.

"Kin zubar da sunanki saboda ni," ya ce a hankali.

"Ka makara, har an fara waƙa. Buɗe littafinka."

George dai tun ranar da ta fara zama a bencin ba a sake jin turarensa a gidansu ba. Celina ta ci gaba da zama a baya har wa'adin ya cika, masu leƙen cikinta suka gaji suka kama gabansu.

Ranar karɓar Nathan, bisa al'ada dattijo ɗaya ke zuwa ya kamo hannun mai horo ya kai shi gaba. Kafin Fasto ya zaɓa, Baba Dauda ya miƙe. Ya kama Nathan da hannun dama, 'yarsa da hagu, ya ce wa jama'a shekara da shekaru yana tura mutane bencin nan, bai taɓa tunanin zama kusa da su ba sai da yarinya ta nuna masa.

Aka yi sanarwar aure, aka sha biki. Da Fasto ya tambayi wa ke ba da amarya, tsohon ya amsa da ƙarfi:

"Ni ne, kuma ba wanda ya tilasta mini."

Ya ɗora hannu a kan su biyun, ya ce wa Nathan:

"Ɗana, ga ta nan. Ubangiji ya riƙe ku yadda kuka riƙe juna."

Cocin gaba ɗaya ya ɗauki amin.