Yarima da Duwatsun Kan Rufi

An yi wani yarima a wata 'yar ƙasar Jamusawa da ke cikin tsaunuka. Tun yana ƙarami aka haɗa shi da littattafai. Kullum malaminsa Ottokar yana ce masa, "Sarki mai yi wa jama'a hidima ne. Abin da hankali bai ɗauka ba, a kawar da shi."

Yarima ya riƙe ƙarshen maganar, ya bar farkonta.

Da ya shekara goma sha uku, mahaifinsa ya ba shi ƙauyen Erlenau ya koyi mulki. A can Walburga take, tsohuwar da ta raine shi.

Yana isa ya ɗaga kai. Kowane gida rufin katako ne, an jera manyan duwatsu a kai.

Ya ce, "Wannan wane irin shirme ne? Dutse a ƙasa yake zama! In ya faɗo kan yaro fa? A sauke su duka."

Walburga ta ce, "Ɗana, tsaya ka ji..."

"Inna, doka ce. Don ku nake yi."

Mutane suka cire hula, suka sauke duwatsu. Wa zai ja da ɗan sarki?

Da kaka, iskar kudu ta gangaro daga tsauni, ta kwashe rufin gidaje kamar ganye. Ruwa ya jiƙa hatsi. Rufin Walburga ma ya tafi, tari ya kwantar da ita a gidan maƙwabta, ga ƙanƙara ta kusa sauka.

Yarima ya je gaban mahaifinsa yana hawaye.

Sarki ya ce, "Ka tambaye su amfanin duwatsun?"

"A'a, Baba."

"To, koma ka tambaya."

Ya koma, ya durƙusa gefen gadon Walburga, kunya ta ishe shi. Ta ce, "Ƙusa tsada gare ta, ɗana. Dutse ke danne mana rufi."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ina buɗe baki ka rufe shi da doka."

Yarima ya tuɓe kwat, ya shiga ɗaukar duwatsu ana mayar da rufi. Wani manomi ya ce, "A hankali, ranka ya daɗe, dutse a ƙasa yake zama!" Aka kwashe da dariya, har da shi. Kafin ƙanƙara ta sauka, Walburga ta warke, ta koma ɗakinta.

Sannan Yarima ya tara mutanen ƙauyen, ya tambayi abin da suke so. Suka ce maƙeri. Da bazara aka kafa maƙera, ƙusa ta wadata.

Daga ranar ya gane cewa mai son gyara da tambaya yake farawa. Matambayi ba ya ɓata.