Abin Da Ke Jin Ɗumi a Rumbun Dankali

Rana na faɗuwa na ja takalmin katako, na nufi rumbun da muke ajiye irin dankali. A nan Friesland, in ƙanƙara ta taɓa iri, noman baɗi ya tafi.

Hitar gas ɗin da ke ɗumama rumbun, wadda ke rataye a rufi, ta kwana biyu tana gardama. Fanka ta juya, a ji ƙas-ƙas, wuta ta kama, ta mutu. Ban yi boko ba, amma na san wuta. Na ce da ɗana Siebe bututun hayaƙi ne ya toshe.

"Haba Inna, yaushe kika zama injiniya? Makunnin da ke auna iska ne ya tsufa, shi ke kashe ta. Bari in tsallake shi."

"Ita ta ƙi ci, kai ka ce dole? Ubanka ma bai kai ka taurin kai ba."

Ya yi dariya. Ya ɗaura waya ya tsallake makunnin, hita ta kama, ya tafi kasuwar shanu a Leeuwarden.

Yanzu na shiga rumbun. Iska ta rufo ƙofa a bayana.

Ɗumi ya yi yawa. Warin ƙasa, da wani wari kamar jiƙaƙƙen gashi. Na ɗaga kai. Harshen wutar da ya kamata ya zama shuɗi ya koma rawaya, yana lilo. Gumi na zuba a jikin bango.

Na murɗa hannun gas na rufe. Wutar ba ta mutu ba.

Na koma ƙofa. Na ja, na tura da kafaɗa. Ko motsi.

A lokacin na ji numfashi. Ba nawa ba, ba na fanka ba.

Can ƙarƙashin hita, tsakanin buhuna, wani abu na tsugune. Ya miƙa hannuwa sama yana jin ɗumi. Hannuwan sun kusa taɓa rufi.

"Tjitske," ya kira sunana a hankali. "Bar ta."

"Rumbuna ne."

"Sanyi nake ji. Zauna."

Kaina na sarawa. Buhun da ke gefena ya yi min kyau kamar gado.

"Zauna mana."

Na san irin barcin nan na hayaƙi. Ba a tashi.

Na faɗi, na ja ciki. A gindin bango akwai ƙaramar kafar shan iska da muke toshewa da ciyawa. Na yage ta da farce.

Wani abu ya kama ƙafata. Sanyinsa har ƙashi.

Na zare ƙafar daga takalmin, na bar masa. Na tura kai waje, na bi da sauran jiki. Ina kwance a kan ƙanƙara ina amai Siebe ya dawo ya same ni.

Da gari ya waye ya hau rufi. Ya sauko riƙe da tsumman buhu. An cusa shi a bututun hayaƙi daga ciki, ta inda hannun mutum ba ya kaiwa.

"Inna, wa zai…"

"Cire wayarka."

Ya cire. Yanzu in hita ta ƙi kamawa, ba mai matsa mata. Mu lulluɓe iri da barguna, mu fito kafin duhu. Bargo ɗaya nake ajiyewa a waje, bakin ƙofa. Da safe in same shi a naɗe, da ɗumi.